Rumun Ndur: Haifaffen Zariya da ya nemi abincinsa a kan ƙanƙara

A Daura, idan aka ambaci ƙanƙara, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne la'asar ɗin azumin da ya faɗo a tsakiyar bazara. Yara sun yi layi a gaban mai firiza, ana fasa dunƙule ana ƙullawa a leda, kowa na sauri ya isa gida kafin ta narke.

A arewacin Amurka da wasu ƙasashen Turai kuwa, ƙanƙara filin wasa ce. Ana shimfiɗa ta a cikin katafaren zaure, dubban mutane su sayi tikiti su zauna, ƙarti goma sha biyu su shigo da sanduna suna sulu a kanta da gudun da ya fi na mai keke.

Daga cikin waɗanda suka yi wannan sana'a har suka kai ƙololuwarta akwai wani da aka haifa a Zariya. Sunansa Rumun Ndur, kuma shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga wasa a gasar NHL, wadda ita ce mafi girma a duniya a wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara.

An haife shi ranar 7 ga Yulin 1975, mako uku kafin juyin mulkin da ya kawo Janar Murtala Muhammad. A lokacin Zariya da Daura suna jiha ɗaya, wato Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna zuwa Kaduna a 1976, kafin a cire Jihar Katsina daga cikinta a 1987.

Ba kasafai ake jin sunansa a gidajen kallon ƙwallo na Daura ko Zango ko Mai'aduwa ba, inda hira ba ta wuce Firimiyar Ingila da La Liga. Amma rayuwar da ya yi a fagen wasa tana da abin faɗa wa duk matashin da ke mafarkin cin abinci da ƙarfin jikinsa a ƙasar waje.

Yadda wasan yake

Filin da ake amfani da shi a gasar NHL yana da tsawon mita 61 da faɗin mita 26, an kewaye shi da katako da gilashi mai kauri. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a fili: mai tsaron raga ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku.

Abin da ake bugawa wani ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, kamar murfin gwangwani mai kauri, nauyinsa kusan giram 170. Ana daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Idan ƙwararre ya sake shi da sanda, gudunsa na iya wuce kilomita 160 a awa ɗaya.

'Yan wasan na sanya takalma masu siririn ƙarfe mai kaifi a ƙasa. Ana yin zagaye uku, kowanne minti 20. Saboda tsananin gajiya, ɗan wasa ba ya wuce kamar minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya shigo, ba tare da an tsayar da wasa ba.

Doka ta yarda ka banke abokin hamayyarka da kafaɗa ko da ƙugu ka manna shi da katako, matuƙar faifan na wurinsa. Wanda ya yi laifi ba kati ake ba shi ba. Ana tura shi wani ɗan keji a gefen fili ya zauna na minti biyu ko biyar, yawanci ƙungiyarsa ta ci gaba da wasa da ragin mutum ɗaya.

An kafa gasar NHL a birnin Montreal a 1917. A yau tana da ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada, 25 a Amurka, kuma kofin da suke nema, Kofin Stanley, tun 1893 ake bayar da shi.

Daga Zariya zuwa Hearst

Ndur yana ƙaramin yaro iyayensa suka ƙaura da shi zuwa Kanada. Ya tashi a Hearst, wani ƙaramin gari a can arewacin lardin Ontario, mai mutum kusan 5,000, wanda akasarin mazaunansa Faransanci suke yi kuma sana'ar katako ce ke riƙe da su.

A Daura idan hunturu ya tsananta har ma'auni ya sauka kusa da digiri 10, makarantun allo kan cika da hayaƙin wutar jin ɗumi, tsofaffi su ƙi fitowa sai hantsi. A Hearst sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, tafkuna da koguna su daskare na tsawon watanni.

A irin waɗannan garuruwa zauren ƙanƙara shi ne dandali. Kamar yadda yaro a Daura ke tashi ya tarar ana buga ƙwallo a kowane fegi, haka yaron Hearst ke tashi ya tarar da sanda da takalmin sulu. Garin ya fitar da 'yan wasa irin su Claude Larose, wanda aka sanya wa zauren wasannin garin sunansa, da Claude Giroux da ya zama kyaftin ɗin Philadelphia Flyers.

A 1992, yana da shekara 17, Ndur ya shiga Guelph Storm da ke kudancin Ontario, a gasar matasa ta OHL. A wannan gasa yara 'yan shekara 16 zuwa 20 ke barin gidajen iyayensu, a sauke su a gidajen wasu iyalai, su haɗa karatu da wasanni sama da 60 a kaka, da doguwar tafiya a bas cikin dare.

Ya yi kaka uku a can a matsayin ɗan baya. A ta ƙarshe, 1995, Guelph ta kai wasan ƙarshe na gasar, amma Detroit Junior Red Wings ta doke ta.

Na 69 a jerin zaɓe

A ƙwallon ƙafa ƙungiya kan ga yaro ta saye shi. A NHL tsarin daban ne. Sau ɗaya a shekara ƙungiyoyin kan taru su zaɓi matasa bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne ke fara zaɓe. Yaron da aka zaɓa ba shi da ta cewa kan inda za shi.

Zaɓen 1994 an yi shi ne a ƙarshen watan Yuni a birnin Hartford na Amurka. A daidai wannan makon hankalin 'yan Najeriya na can kusa da Boston, tafiyar awa biyu daga Hartford, inda Super Eagles ta su Rashidi Yekini da Daniel Amokachi ke buga Gasar Cin Kofin Duniya a karon farko.

Ba a ji labari a gida ba, amma a Hartford ƙungiyar Buffalo Sabres ta kira sunan wani haifaffen Zariya a zagaye na uku. Shi ne na 69 cikin matasa 286 da aka zaɓa a shekarar.

Zaɓe ba ya nufin an samu shiga. Da yawa daga cikin waɗanda aka kira sunayensu a wannan rana sun tsufa ba su taka filin NHL ko sau ɗaya ba. Abin da zaɓen ke bai wa matashi shi ne damar zuwa ƙaramar ƙungiyar da babbar ke renon 'yan wasanta, ya jira a kira shi.

Ndur ya tafi Rochester Americans a gasar AHL, wadda ke ƙasa da NHL da mataki ɗaya. A kakarsa ta farko, ƙarƙashin koci John Tortorella, ƙungiyar ta lashe Kofin Calder na 1996 bayan ta doke Portland Pirates a karo na bakwai kuma na ƙarshe. Watanni biyu bayan haka Najeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta.

Aikin dogari

Ndur ƙato ne, tsayinsa ya kusa mita 1.9, nauyinsa kusan kilo 100. Wannan jiki shi ya buɗe masa ƙofa, shi ne kuma ya yanke masa irin aikin da zai yi.

Wasan ƙwallon gora na arewacin Amurka yana da wata al'ada da ke ba baƙo mamaki. 'Yan wasa biyu na iya yar da sanduna da safar hannu su kama dambe a tsakiyar fili. Alƙalai su ja da baya su zuba ido, sai ɗaya ya faɗi ko duk sun gaji sannan a raba. Hukuncin da aka saba yi shi ne minti biyar a keji ga kowannensu, daga nan su dawo wasa.

A shekarun 1980 da 1990 kusan kowace ƙungiya na ajiye mutum ɗaya ko biyu saboda wannan. Aikinsu kamar na dogari ne a fada: duk wanda ya taɓa tauraron ƙungiya ya san akwai wanda zai biyo bashi. Wani lokaci kuma koci kan tura dogarinsa ya tayar da faɗa don kawai a zaburar da 'yan wasa idan ana cin su.

Wanda ya saba kallon damben gargajiya zai ga kamanni: maza biyu a tsakiyar fage, 'yan kallo na ihu, faɗuwa ƙasa ita ce ƙarshen magana. Sai dai ɗan damben Hausa ya san abin da ya fito yi, ya ɗaure hannu ɗaya, yana tsaye a kan ƙasa, makaɗi na yi masa kirari. Dogarin ƙwallon gora yana tsaye ne a kan siririn ƙarfe bisa santsi, da hannu tsirara yake naushin hular kwano, kuma yawancinsu da burin cin ƙwallo suka fara wasan tun suna yara.

A Rochester, Ndur ya tara ɗaruruwan mintunan hukunci. Hakan ya sa aka san shi, sai dai a Buffalo gurbin a cike yake. Ƙungiyar na da Rob Ray, wanda ya yi ritaya da mintunan hukunci sama da 3,000, ga Brad May, ga Matthew Barnaby.

Saboda haka kiran da ake yi masa ɗan taƙi ne. A kakar 1996 zuwa 1997 ya buga wa Buffalo wasa biyu, wanda da su ne ya shiga tarihi. A kakar da ta biyo baya wasa ɗaya. A ta uku ya buga takwas.

Irin wannan ɗan wasa yawanci kwantiraginsa mai fuska biyu ne: albashi mai tsoka a ranakun da yake babbar ƙungiya, ɗan kaɗan a ranakun da aka mayar da shi ƙarama. Yau yana jirgin sama da masauki a babban otal, gobe yana bayan bas.

Kaka ɗaya da Gretzky

A dokar gasar, idan ɗan wasa ya kai wasu shekaru, ƙungiyarsa ba za ta mayar da shi ƙasa ba sai ta fara sanar da sauran ƙungiyoyi, duk mai so ta ɗauka. Ta wannan hanya New York Rangers ta ɗauke Ndur a tsakiyar kakar 1998 zuwa 1999.

A New York ya tarar da Wayne Gretzky, wanda ake ɗauka a matsayin gwanin gwanayen wasan, kamar yadda masoya ƙwallon ƙafa ke ɗaukar Pele. Gretzky ya ci ƙwallo 894 a gasar, tarihin da ya tsaya har watan Afrilun 2025 da Alexander Ovechkin ɗan Rasha ya karya shi.

Wannan ita ce kakar Gretzky ta ƙarshe. Ya yi bankwana ranar 18 ga Afrilun 1999 a zauren Madison Square Garden. Ndur ya buga wa Rangers wasa 31 a kakar, ya ci ƙwallo ɗaya, ya taimaka aka ci uku. Ita ce kaka mafi albarka a rayuwarsa ta NHL.

Ƙungiyar da ta sake shi kuwa, Buffalo, ta wuce har wasan ƙarshe na Kofin Stanley a wannan shekarar, inda Dallas Stars ta doke ta.

A kaka ta gaba Atlanta Thrashers ta ɗauke shi. Sabuwar ƙungiya ce da aka haɗa da 'yan wasan da sauran suka saki, kuma ta sha wuya: wasa 14 kacal ta ci cikin 82, ta ƙare a ƙarshen tebur. Ndur ya buga mata wasa 27, ya ci ƙwallo ɗaya, ya yi minti 71 a keji.

Daga nan ba a sake kiransa ba. Yana da shekara 24.

Jimillar abin da ya bari a littafin NHL shi ne wasa 69, daidai da lambar da aka zaɓe shi, da ƙwallo biyu, da taimako uku, da mintunan hukunci 137.

Yawon neman abinci

Ndur bai ajiye sanda ba. Ya ƙara kusan shekara goma yana yawo tsakanin ƙananan gasannin Amurka da na Turai. Ya buga wa Graz a ƙasar Ostiriya, ya buga wa Coventry Blaze a Ingila.

Zangon da aka fi tunawa da shi shi ne na kakar 2004 zuwa 2005. A shekarar rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya sa aka soke gasar NHL ɗungurungum, karo na farko tun 1919 da ba a ba kowa Kofin Stanley ba.

A daidai lokacin wani attajiri mai kamfanonin kwasar shara a jihar Connecticut, James Galante, ya kafa ƙungiya mai suna Danbury Trashers a ƙaramar gasar UHL, ya naɗa ɗansa mai shekara 17 ya shugabance ta. Yaron masoyin kokawar talabijin ne, don haka ya tara 'yan wasan da suka yi suna wajen faɗa. Ndur na cikinsu, tare da Brent Gretzky, ƙanen Wayne.

Laƙabin da aka san Ndur da shi yana nufin mugun mafarkin da ya fito daga Najeriya, irin wanda Kamaru Usman ya yi suna da shi daga baya a gasar UFC. Zauren Danbury kan cika maƙil da masu zuwa kallon naushi.

Kaka biyu kawai ƙungiyar ta yi. A 2006 hukumomin tarayyar Amurka suka gurfanar da Galante kan haɗa baki da 'yan mafiya wajen mamaye harkar shara. Cikin tuhumar har da biyan wasu 'yan wasa kuɗi ta bayan fage ta hannun kamfanoninsa, don kauce wa iyakar albashin da gasar ta gindaya. Ya amsa laifi a 2008, aka yanke masa ɗaurin sama da shekara bakwai.

A 2021 kamfanin Netflix ya fitar da shirin gaskiya kan ƙungiyar a jerin shirye-shiryensa na Untold, kuma Ndur ya bayyana a ciki yana ba da labari. Ta nan ne mutane da dama suka fara jin sunansa, shekara 21 bayan wasansa na ƙarshe a NHL.

Abin da jiki ke ɗauka

A 2011, cikin wata huɗu, 'yan wasa uku da aka sani da aikin dogari suka mutu. Derek Boogaard na da shekara 28, Rick Rypien 27, Wade Belak 35. Boogaard ya mutu ne sakamakon haɗa maganin kashe zafi da barasa.

Da masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar Boogaard, sun gano cutar da likitoci ke kira CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa da ake alaƙantawa da yawan bugu a kai. Sun ga irinta a ƙwaƙwalwar Bob Probert, wani shahararren dogari da ya rasu a 2010 yana da shekara 45. Cutar kan zo da mantuwa da saurin fushi da ƙuncin rai, kuma ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutum ya mutu.

Tsofaffin 'yan wasa sama da 300 sun kai hukumar gasar kotu, suna cewa ba ta kare su ba kuma ba ta gargaɗe su ba. A 2018 aka sasanta kan kusan dala miliyan 19, kowannensu ya tashi da kimanin dala 22,000, kuma hukumar ba ta amsa laifi ba.

A yau faɗa ya ragu sosai a gasar. Ƙungiyoyi sun fi son mai gudu da iya sarrafa faifai, kuma gurbin wanda aikinsa naushi kawai ya kusa ɓacewa.

Baƙar fata a farin fili

Baƙaƙen fata sun daɗe a wasan. Tun 1895 suke da gasarsu a lardin Nova Scotia na Kanada. Amma sai ranar 18 ga Janairun 1958 ɗayansu, Willie O'Ree, ya buga wasa a NHL da rigar Boston Bruins, yana ɓoye cewa idonsa ɗaya kusan ba ya gani.

Wanda ya fi kowa nisa cikin masu jinin Najeriya shi ne Jarome Iginla, da aka haifa a Edmonton a 1977, mahaifinsa Bayerabe. Ya buga wasa 1,554, ya ci ƙwallo 625, ya yi kyaftin ɗin Calgary Flames, ya ci wa Kanada zinare a Olamfik ta 2002 da ta 2010. A 2020 aka zaɓe shi cikin gwarazan wasan na tarihi.

Haifaffen Najeriya na biyu da ya kai NHL shi ne Akim Aliu. An haife shi a Okene ta Jihar Kogi a 1989, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Yukren. Ya tashi a Kiev, ya isa Toronto yana da shekara bakwai ba ya jin Turanci, ya fara sulu da takalman gwanjo.

A 2005, yana da shekara 16 a ƙungiyar Windsor Spitfires, ya ƙi yarda da wata al'adar cin zarafi da ake yi wa sababbin shiga, inda ake cusa su tsirara a banɗakin bas. Daga baya a wurin atisaye wani abokin wasansa ya buge shi da sanda a baki ya zubar masa da haƙora. An hukunta ƙungiyar da kocinta, amma tabon mai taurin kai ya bi Aliu.

Chicago Blackhawks ta zaɓe shi a 2007. Wasa bakwai kacal ya buga a NHL, duk da rigar Calgary. A Nuwamban 2019 ya fito fili ya ce koci Bill Peters ya yi ta jifansa da kalmar wariyar launin fata shekara goma da suka wuce a wata ƙaramar ƙungiya. Cikin 'yan kwanaki Peters, wanda a lokacin shi ne kocin Calgary, ya ajiye aiki.

A 2020 Aliu da wasu 'yan wasa suka kafa ƙungiyar Hockey Diversity Alliance, mai yaƙi da wariya da kuma taimaka wa yaran marasa ƙarfi su shiga wasan, domin tsadar kayan wasa da kuɗin hayar fili na cikin abin da ke hana su.

A nahiyar Afirka wasan na nan kaɗan-kaɗan. Afirka ta Kudu da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Kenya mambobi ne na hukumar wasan ta duniya, kuma 'yan wasan Kenya a wani filin ƙanƙara da ke cikin otal a Nairobi suke atisaye. Najeriya ta fara halartar Olamfik ta hunturu a 2018 a Koriya ta Kudu, da mata huɗu da suka fafata a wasannin sulu da keken ƙanƙara.

Abin da ya shafi matasan Daura

Babu wanda ke sa ran ganin filin ƙanƙara a Daura. Wasannin da ƙasar ta sani su ne ƙwallon ƙafa da dambe da kokawa da langa, sai sukuwa da hawan Sallah da na Gani. A Katsina kuma akwai ƙwallon dawaki, wadda Sarki Muhammadu Dikko ya kafa, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi fice a cikinta, kuma ita ce 'yar uwar ƙwallon gora mafi kusa a wannan yanki.

Amma yanayin sana'ar ɗaya ne. Matashin da ke atisaye da asuba a filin makaranta yana kallon Ahmed Musa, wanda ya tashi daga Kano Pillars ya kai CSKA Moscow da Leicester, ko Sadiq Umar da Shehu Abdullahi. Waɗannan su ne irin su Iginla. Mafi yawan waɗanda suka samu fita irin su Ndur ne: 'yan kakanni a sama, shekaru masu yawa a ƙananan ƙungiyoyi, kwantiragin shekara ɗaya-ɗaya, yau wannan ƙasa gobe waccan.

Akwai bambanci ɗaya mai girma. Ndur ya bi tsani ne mai matakai a fili: ƙungiyar yara ta gari, gasar matasa, zaɓe, ƙaramar ƙungiya, babbar ƙungiya. A kowane mataki akwai rajista da likita da kwantiragi a rubuce. Yaron Daura kuwa sau da yawa tsaninsa wani dillali ne da ya ce a kawo kuɗin biza da na jirgi, iyaye su sayar da gona ko bijimi.

Dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa don buga ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi da ta keɓe. Dillalin gaske kuma yana da lasisin hukumar, kuma ƙungiyar da ke son gwada ɗan wasa takan aiko da takardar gayyata da za a iya tantancewa. Ga garin da ke da iyakar Kongolam a bakin ƙofarsa, inda hanyar Zinder da Agadez ke buɗe ga duk wanda ya yanke ƙauna, sanin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun jiki. Ɗan dambe da ɗan ƙwallon da ke sa kai su ma suna shan bugu a kai. Wanda ya suma a fage aka yayyafa masa ruwa ya miƙe ya koma, ana yi masa kirarin jarumta, alhali likitoci sun yi gargaɗin cewa bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi haɗari.

Na ƙarshe shi ne abin da zai biyo baya. Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Gasar Kofin Duniya 'yan kwanaki kafin a zaɓi Ndur, ya rasu a 2012 yana da shekara 48, bayan ya shafe shekarunsa na ƙarshe a keɓe a Ibadan.

Ndur ya koma Ontario bayan ya ajiye wasa, inda ya shiga koyar da matasa. Ya cika shekara 50 a watan Yulin 2025. A kundin 'yan wasan NHL, wanda ya ƙunshi sunaye sama da 8,000 tun 1917, shi kaɗai ne aka rubuta Zariya a gurbin garin haihuwarsa.